Rasuwar Dattijo, Babur Mai Tarin Safe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gira wadda wuta ta cinye rabinta, Tela da iyalinsa ke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wanda ya taɓa sa hannu a turi, rasuwar babur ɗinsu da aka fi sani da Dattijo. Ya riga mu gidan gaskiya da safe a tsakar gida, bayan doguwar jinya da ta gajiyar da kowa ban da shi.

Marigayin ya shigo gidan ne a hannun yayan Tela, wanda ya hau shi shekara da shekaru kafin Allah ya karɓi abinsa. Da aka zo rabon kaya kowa ya kau da kai, sai mahaifiyarsu Inna, wadda idanunta suka daina gani, ta ce a bar shi a gindin tagarta. Ba hawa za ta yi ba. So take kullum safe ta ji ƙararsa, domin da wannan ƙarar babban ɗanta ya saba fita nema. In babur ya tashi, sai ta jawo abin karyawa. In ya ƙi, haka za ta yini ba ta sa komai a baki ba. Nan Tela ya gane aiki ya gada, ba abin hawa ba.

A yi wa marigayi adalci. Bai taɓa gudun da zai jawo wa maigidansa magana ba, kuma ɓarawo bai taɓa kallonsa sau biyu ba. Lokacin zafi mutumin kirki ne, bugu ɗaya ya amsa. Amma da sanyi ya shigo sai halinsa na ainihi ya fito. A buga, ya ce "khh". A sake bugawa, ya ce "khh-khh-tuf", ya yi shiru kamar ba da shi ake ba.

Tela bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya ja cok har wayar ta tsinke. Ya cire fulogi ya kankare, ya hura, ya gasa a kan risho. Ya canza baƙin mai, ya kai batir caji, ya zazzage tanki ko ruwa ya shiga. Matarsa ta sha ɗaure zane ta tura babur ɗin zuwa gangaren bakin layi, har maƙwabta suka daina gaishe ta suka koma yi mata sannu. Bakanike ya duba ya ce, "Maigida, tiyon mai ke ɗiga, a canza shi. Sauran kuwa tsufa ne, ba ni da maganinsa." Tela, wanda a ganinsa babu yagewar da ta fi ƙarfin ƙyalle, ya naɗe tiyon da guntun yadi ya ƙulle tamau.

Daga nan ilimi ya yi masa yawa. Ya lura gwiwoyin Inna ba sa miƙewa da safe sai an kawo mata kaskon garwashi. Sai ya ɗinka wa Dattijo rigar sanyi mai auduga a ciki, har da aljihu, ya fara ajiye masa nasa kaskon a ƙarƙashin inji. Abin takaicin shi ne dabarar ta yi aiki. Dattijo ya koma tashi da wuri, Inna tana cin abincinta, Tela kuma ya fara ba masu babura shawara a shago ba tare da an tambaye shi ba.

Ranar da ajali ya yi kira, ƙyallen nan ya riga ya sha mai ya ƙoshi, ya zama lagwani. Tela ya ajiye kasko ya shiga ɗauko hula. Kalmar marigayi ta ƙarshe ita ce "fuuu", kuma shi ne karo na farko a rayuwarsa da ya yi wani abu da sauri. Tela ya fara sungumar Inna ya kai ta waje, sannan ya dawo ya bar rabin girarsa a wurin ceto.

Marigayin ya rasu ya bar madubi ɗaya, makulli, da tabon baƙin mai a tsakar gida da babu sabulun da ya iya masa. Ya bar bakanike, wanda ya yi rashin babban majinyacinsa. Ya bar matar Tela, wadda ke karɓar gaisuwa da fuskar da ake roƙon jama'a kada su zura wa ido. Ya kuma bar Inna. Ba a ɓoye mata ba, hancinta lafiya lau yake. Ba ta yi faɗa ba. Washegari cewa kawai ta yi, "Auta, yau gidan shiru," ta mayar da murfin kwanonta. Wannan ya fi ƙunar wutar yi wa Tela zafi.

Za a ɗauki gawa gobe da hantsi a baron masu sayen tsofaffin ƙarafa. Kamar yadda marigayi ya saba, wannan tafiyar ma turawa za a yi. Zaman makoki a shagon Tela ne, kuma ana roƙon masu kaya a wurinsa kada su fake da ta'aziyya su tambayi ɗinkinsu.

Iyalin ba sa buƙatar a kawo musu komai. Roƙonsu ɗaya ne: duk mai tsohon babur da ke gardama da sanyi, ya turo shi da sassafe ya buga shi a gindin tagar Inna, har ya yi tari ya tashi. Wanda nasa ke tashi bugu ɗaya, an gode, ya bar shi a gida. Inna za ta gane.