Rasuwar Ɗan Shuɗi, Mariƙin Bakan Mahfuz

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, Malam Mahfuz na Yelwa, malamin wasannin motsa jiki kuma maharbin gasa, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amininsa, Ɗan Shuɗi. Ga wanda bai san marigayin ba, shi ne mariƙin alminiyam da ke tsakiyar bakan Mahfuz, wanda ake ɗaura wa hannuwa biyu sama da ƙasa kafin a ɗana tsirkiya. Ya cika ranar Talata, bayan gajeruwar jinya da doguwar gardama.

An shaidi marigayin da haƙuri. Ya sha matsi a keke tsakanin buhun albasa da gwiwar fasinja bai ce uffan ba. Damina ta sha ritsa shi a fili, ko tsatsa bai yi ba. In kibiya ta kauce, Mahfuz kan ɗora masa laifi, shi kuwa ya ɗauka. Bai cika surutu ba: in aka saki kibiya ya ce “tum”, in aka ƙwanƙwasa shi da cokali ya ce “tinnn”, shi ke nan.

Ciwon ajali ya same shi ranar wata Juma'a, lokacin da Bappa Hammawa ya kawo ziyara. Bappa ƙanin mahaifin Mahfuz ne, tsohon mafarauci, kuma shi ya fara ɗora wa Mahfuz bakan icce a hannu. Su mutanen dauri ba sa yarda da baka sai sun ji muryarsa, wato a ja tsirkiya ba kibiya a saki. Bappa ya ja har kunne. Marigayin ya ce “ƙwas!” Tsoho ya ji daɗi, ya yaba, ya ƙara. Mahfuz na tsaye da kwanon fura, ya sani sarai cewa bakan zamani in aka sake shi fanko, duk ƙarfin da zai tafi da kibiya a jikin mariƙi yake ƙarewa. To amma wa ya isa ya ce wa Bappa ajiye?

Washegari cokali ya daina samun “tinnn”, sai “kwaf”. Aka garzaya da majinyaci barikin Shadawanka wurin Saje Luke, tsohon sojan da ke koya wa su Mahfuz harbi. Ya shafa masa kananzir, ya goge, ya barbaɗa hodar matarsa. Jim kaɗan sai ga wani siririn layi ya jiƙe a cikin hodar, daga ramin kusar da ke riƙe hannun sama har gefe. Saje ya cire hula, ya ce tsagar ta shiga ciki, a kai shi gida a yi ta lallashi.

Dangi ba su yarda ba. Bappa ya jiƙa fatar akuya ya naɗe wurin tam, yadda yake wa nasa bakan, marigayin ya kwana biyu yana warin majema. Daga nan aka kai shi wurin Job mai walda, wanda ya rantse ya ɗinke abin da ya fi wannan. Ya ɗinke ɗin kuwa, sai dai wuta ta murɗe majinyaci. Da aka ɗana tsirkiya ta ƙi bin tsakiya, kibiyar gwaji kuma ta bar allon da ake hari ta tafi gaida gwandar maƙwabta.

Marigayin ya bar hannuwa biyu marasa madafa, da tsirkiya wadda ta shiga takaba a aljihun jaka, da kibau masu yawa, wasu ba su taɓa sanin tsakiyar allo ba.

Cikin masu makoki babu wanda ya kai Bappa. Ko abincin kirki ba ya ci. Ya tsaya kai da fata cewa bakin mahassada ne ya kama bakan ɗansa, har ya sha alwashin sai ya gano mai shi. Gasar bana ta wuce Mahfuz, ya haɗiye wannan. Abin da yake tsoro shi ne ranar da tsohon zai gane cewa hannunsa, wanda ya koya wa Mahfuz harbi, shi ya yi wannan aikin, domin ya san Bappa ba zai ƙara taka gidansa ba saboda kunya.

Za a ɗauko gawa daga Yelwa ranar Asabar da hantsi, a kai ta wurin masu narka tukwane a bayan Kasuwar Muda Lawal, inda ake sa ran marigayin zai ci gaba da hidima a matsayin ludayi. Bappa ya roƙa a bar shi ya riƙe shi a cinya har can, an bar masa. Ana roƙon jama'a kada kowa ya karanta masa wannan sanarwa. Shi zai karɓi gaisuwa a ƙofar gida bayan la'asar. Wanda ya durƙusa gabansa ya yi masa “ya haƙuri”, ya tsaya a nan. In ya tambayi abin da Saje ya gano, a ce masa kwana ne ya ƙare.