Hannun Alhaji Mai Ma'auni

Duk unguwar Dengfeng babu adali kamar Alhaji Abdulmumini, shugaban kwamitin sulhu na 'yan kasuwarmu a Guangzhou. Shi da bakinsa ya faɗa, ya kuma saka wa kansa suna Mai Ma'auni. Wa zai ƙaryata babba?

Saffana ce ta kawo ƙara. Ita ke duba kaya a ofishin Ilu kafin a kai su tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ta ce Ilu, ubangidan nata, yana tare ta a sito, yana turo mata saƙonnin banza. Takardar zamanta a ƙasar na hannun kamfaninsa. In ta faɗi ƙara, sai gida, da ɓataccen suna.

Mai Ma'auni ya zaɓi masu yanke hukunci: maza shida har da shi, sai Hajiya Lauratu, don hoto ya yi kyau.

"Mace da tausayi take shari'a," in ji shi, yana gyara babbar riga. "Mu maza hujja muke bi. Ni ko ɗan cikina ne, ba na karkata."

Aka shiga bin hujja. Me ya kai ta sito? Me ya sa take murmushi in tana gaida masu saye? Wane irin mayafi ta yafa? Shi kuwa Ilu tambaya ɗaya aka yi masa: ya gajiyar hanya? Wayarta na kan tebur, babu wanda ya taɓa.

Sai Hajiya ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin ƙuri'a, ga wani saƙo da aka turo wa wata 'yarmu. Ba zan kama suna ba." Ta karanto layi uku daga takarda.

Alhaji na da 'ya ɗaya tilo a jami'a a nan unguwar Tianhe. Ya zabura.

"Ba dai Nana Khadija ba?"

Hajiya ta sunkuyar da kai.

"Ɗan iska! Wace hujja ake jira? Duk wanda ya yarda a kore shi daga ƙungiya ya ɗaga hannu!"

Hannuwa bakwai suka tashi, nasa har yana neman fanka.

"Alhamdu lillahi," in ji Hajiya. "Daga wayar Saffana na kwafo. Ga lambar Ilu."

Magatakarda ya riga ya rubuta bakwai. Mai Ma'auni ya sauke hannu a hankali, ya ɗora kan hula.

Har yau rantsuwa yake yi, hular ce ya tashi gyarawa.