Likkafanin da Ya Riga Mai Shi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga Wanda ba a tambayarsa dalili, Malam Maiwada direban tifa, mazaunin unguwar Nasim a birnin Riyad, yake sanar da Hausawan garin nan da na gida rasuwar abokin zamansa, farin alawayyo mai yadi ashirin, wanda aka tanada domin ya zama likkafaninsa da na matarsa. Ya rasu ranar Talata a farkon watan Rajab na 1397, yana cikin shekararsa ta tara. Bai taɓa rufe kowa ba.

An samo marigayin a Makka, shekarar da Malam Maiwada da matarsa Safiyatu suka sauke farali. Ita ta zaɓe shi, bayan ta murza yaduka sun fi goma har mai kanti ya fara haɗe rai. Ita ta tsoma shi a ruwan Zamzam, su biyu suka riƙe bakinsa a rana har ya bushe. Malam ya ce a raba shi nan take, kowa ya san nasa, Safiyatu ta ƙi. "A bar shi a haɗe, Malam," in ji ta. "Duk wanda ya riga, ɗayan ya yaga masa rabonsa da hannunsa. Kuma kada ka cuce ni, na mace ya fi yawa." A kan haka suka yi alkawari, suna dariya.

Marigayin mai haƙuri ne, mai kawaici. Ya zauna a akwatin ƙarfe cikin gidan ƙasa a unguwar Murabba, bai taɓa neman a fita da shi unguwa ba, bai yi ƙyashin atamfofin da ake ɗaurawa ranar salla ba. Sau ɗaya a shekara ake warware shi ya sha iska, sai ya ce ƙaras-ƙaras irin na sabon yadi, a mai da shi. Iyakar maganarsa ke nan.

Ciwonsa ya samo asali ne shekara uku da suka wuce. Malam yana sansanin aikin hanya can cikin sahara, yana jigilar tsakuwa, Safiyatu ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, maƙwabta suka kai ta asibiti. Kafin saƙo ya iske shi an kwana biyu. Ya zo gida ya ɗauki likkafani a hammata ya nufi asibiti, ashe an gama komai. Akwai masu wanka na hukuma, akwai likkafani na hukuma, akwai mota mai jiniya, duk kyauta, duk cikin tsari. An sallace ta bayan la'asar tare da wasu gawarwaki huɗu, an rufe. Wani ma'aikacin asibitin ya miƙa masa takarda mai hatimi, ya dubi abin da ke hammatarsa ya ce, "Khalas, ya Hajji," wato shi ke nan, an gama. Babu wanda ya yi masa laifi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. A maƙabarta kuwa ya tarar da jerin tudun ƙasa, kowanne da dutse a kai da dutse a ƙafa, babu suna, kamar yadda ake yi a garin. Ya yi addu'a a kan wanda ya fi ɗanyen ƙasa, har yau bai san ko na wane ne ba.

Tun daga nan marigayin ya fara magana ba a taɓa shi ba. Da tsakar rana, sa'ad da gari ya yi tsit, Malam yakan ji ƙaras-ƙaras daga cikin akwati, akwatin kuwa a kulle. Ba ya buɗewa, don ya san bashin alkawari ake tuna masa. Kunya yake ji, da tsoro.

Da aka rushe layinsu domin faɗaɗa titi, ya koma ginin bulo a Nasim, ɗaki har da na'urar sanyi a bango. Ya ajiye akwatin a ƙarƙashinta, wai don marigayin ya huta da zafi. Ashe na'urar tana ɗiga ta baya, ɗis, ɗis, cikin murfin. A garin da ake shekara ana roƙon ruwa, laima ce ta kashe shi. Ranar Talatar da Malam ya lura kwana bakwai bai ji motsinsa ba, ya buɗe ya tarar da shi ya yi baƙin funfuna. Ya kama bakinsa biyu ya ɗaga, yadin ya rabu a tsakiya shi kaɗai, babu ko ƙara.

Ya rasu ya bar akwatin ƙarfe mai tsatsa, da ƙullin kanumfarin da Safiyatu ta cusa masa, da allura guda da zare a hancinta, da kuma Malam Maiwada, wanda yanzu sai abin da hukuma ta naɗe shi da shi.

Abin da ya sha Zamzam ba ya zuwa bola, saboda haka za a yi jana'izarsa ranar Juma'a bayan la'asar, a maƙabartar gabas. Mai gadi ya yarda a tona ɗan rami a gefen kabarin Safiyatu, in an san shi. Ba za a yi zaman makoki ba, ba sadakar uku, ba ta bakwai. Roƙo ɗaya Malam yake yi: duk wanda ya bi gawar wata baƙar mace daga asibiti, ranar Laraba ta tsakiyar Sha'aban na 1394, ko direba ne, ko mai haƙa, ko wanda ya tsaya kawai don neman lada, ya yi wa Allah ya zo ya nuna masa wurin. Zai tsaya a bakin ƙofar maƙabartar da akwatin har a kulle ta. In ba a zo ba, zai dawo Juma'a mai zuwa.