Tafin Hannun Barau

Ka taɓa ganin mutumin da waya ta ce ba shi da lafiya, ya shimfiɗa tabarma ya kwanta? To ga Barau na Unguwar Fadama. Gidansa shi ne da matarsa Tabawa, sai fegin tumatir guda a bakin rafi wanda da shi suke ci. Duk abin da aka faɗa wa Barau haka zai yi shi, ba ƙari ba ragi, kuma ba a taɓa jin ya ba da haƙuri ba.

Da ciwon ganye ya shigo fadama, ɗiyar ƙaninsa Nusaiba, wadda ta gama jami'a, ta ce za ta koya wa waya gane tumatir mai ciwo, don a tuge shi kafin ya shafi na maƙwabta.

Wata rana ta yi masa bayani cewa na'ura kamar yaro take koyo: a nuna mata misalai da yawa, a gaya mata sunan kowanne. Barau ya karɓi wayar ya shiga fadama, ya wuni yana kara ta a jikin ganye yana daka mata tsawa, wannan mai ciwo ne, wannan lafiyayye. Ko hoto ɗaya bai ɗauka ba, wayar ma a kashe take. Da Nusaiba ta yi magana ya ce, "Ɗalibarki ce ba ta da ladabi. Ko sau ɗaya ba ta amsa ba."

Wata rana kuma ta ce a ware wasu ganyen a ɓoye, kada wayar ta gan su sai ranar jarrabawa. Barau ya rasa inda waya ba za ta leƙa ba, ya cusa su cikin tukunyar kukar Tabawa. Daren nan miya ta yi ɗaci, Tabawa ta biyo shi da muciya har zaure. Shi kuwa yana gudu yana cewa ai dai wayar ba ta gani ba.

Daga nan Malam Dogara, shugaban ƙungiyar manoma, ya ce a raba wawan nan da aikin. Yaransa suka ɗauki hotunan, Nusaiba ta koyar da wayar, aka gwada ta da ragowar hotunansu ta cinye jarrabawar duka.

Wata rana aka fita duba gonaki, aka fara da fegin Barau. Malam Dogara ya tsinko ganye ya ɗora a tafin hannunsa ya nuna wa waya, ta ce mai ciwo. Ya sake tsinko wani, haka. Ya ce a kawo fartanya. Barau ya tsaya a bakin fegin ya buɗe hannuwa, ya rantse ba mai taɓa masa ko tushe ɗaya.

Nusaiba ta lallashe shi ta ce, "Baffa, in ba ka yarda ba, gwada ta da abin da ba ta taɓa gani ba."

Barau ya duba hagu da dama, bai ga komai ba sai hannunsa. Ya miƙa wa wayar tafinsa babu ko ganye. Waya ta ce mai ciwo. Nan take ya jawo tabarmar mai gadin fadamar ya kwanta, ya ce a kira Tabawa su yi sallama. Ana cikin dariya ya cafko hannun Malam Dogara ya kara a wayar, waya ta ce shi ma mai ciwo ne.

"To a fara tuge shugaba," in ji Barau daga kwance. "Ni na biyo baya."

Nusaiba ba ta yi dariya ba. Ta buɗe hotunan tana dubawa. Ashe yaran duk ganye mai ciwo tsinko shi suke su ɗauka a hannu, lafiyayye kuwa a jikin itacensa. Wayar ba ciwo ta koya ba, tafin hannu ta koya. Nusaiba ta nuna mata ganyen Barau a jikin itace, waya ta ce lafiyayye. Aka mayar da fartanya, Nusaiba ta ce gobe za a sake hotuna daga farko.

Barau dai ya ƙi tashi sai da aka kawo masa kunu, tunda ba a janye maganar ciwonsa ba.

Kai ma, ranar da na'ura ta yanke maka hukunci, kada ka ɗauko fartanya tukuna. Je ka tambayi abin da aka nuna mata, sannan ka miƙa mata tafin hannunka.