Tsohuwar Da Ta Tafi Neman Damina

"Lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinka ba," in ji Bibi. "Wa ya sako ka da sassafe haka? Ko masu gidan kallon sun gane ba ka jin Japananci sun kore ka?"

"Amarya, ana gaishe ki kina cizo. Ina gajiya?"

"Gajiya tana can tana jiran wadda za ta aure ka."

Ina tsugune bakin murhu ina juya wainar shinkafa da kwakwa da nake kaiwa tasha, ina jin su. Bibi mahaifiyata ce, sunanta Mwajabu, amma tun da ta yi jikoki duk unguwarmu a nan Morogoro Bibi ake ce mata, wato kaka a yarenmu, har ni. Shomari kuwa ɗana ne, shekararsa ashirin da bakwai, aikinsa fassara fim a gidan kallon da ke bayan kasuwa. Yakan zauna gefen talabijin da makirfo, ya rage muryar 'yan fim ya ɗora tasa. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta Japananci. Turancin da ake rubutawa a ƙasan allo yake bi, in rubutun ya gudu ya bar shi sai ya cike da abin da ya zo bakinsa, mutane kuma sun fi son nasa.

Ranar Alhamis ce. Likitocin ido sun zo asibitin gari suna cire yanar ido kyauta, washegari Juma'a za su tattara su tafi. Shekara biyu ke nan da yana ta rufe idon Bibi, ba ta bambance mutum da ƙofa sai ya yi magana. Na yi lallashi, na yi kuka, na ɗauko limamin unguwa, na sauko da ƙanenta daga ƙauyenmu na kan dutse. Amsarta ɗaya ce, wai ta ga duk abin da za ta gani a duniya. Ni 'ya ce, akwai inda bakina yake tsayawa. Jika kuwa ba a sa masa wannan linzamin ba: ita miji take ce masa, shi amarya yake ce mata, su yi ta zagin juna babu mai fushi. Shi ya sa na aika masa cewa yau nasa ne, ni na gaza.

Ya ajiye 'yar kwamfutarsa kan tabarma, ya miƙa hannu ya ɗauki waina biyu bai tambaya ba.

"Me ka kawo min?" in ji ta.

"Fina-finai uku na gani na faɗa. Akwai wanda injuna suka ƙwace mulkin duniya."

"Ka yi min shi bara. Awa biyu suna harbe-harbe, babu wanda ya zauna ya ci abinci. Da yunwa na tashi."

"Akwai na mutumin da ya ƙera na'urar komawa shekarun baya."

"Wanda ya koma shekara ɗari bai je ya gai da kakanninsa ba? Ɗan'uwanka ne a rashin tarbiyya."

"To na waɗanda suka sauka wata duniya suka tarar da rana biyu a sama fa?"

"Rana har biyu, kuma babu wanda ya shanya ko rogo. Asararru. Kai, duk cikin tarkacen nan naka ɗaya ne ya isa kallo. Kunna min tsohuwata."

Tsohuwar tata cikin wani katun ɗin Japan take, mai kashi ashirin da shida. An sace damina, ƙasa ta bushe, sai wata ta hau jirgin ruwa na ƙarfe da ke tafiya cikin gajimare, ta tafi neman ɓarawon. Bayan rasuwar mahaifina Bibi ta daina fita, ta rage cin abinci, ta rage magana. Shomari ya kawo mata katun ɗin, ta ce ba ta sauraron wasan yara. Nan take ya ce ai mai tuƙa jirgin tsohuwa ce 'yar shekara tamanin, mai ciwon gwiwa, mai baki kamar reza. Daga ranar kullum da hantsi sai ya zo ya yi mata kashi ɗaya, ko rabi in ta cika katse shi, tana cin abinci tana yi wa tsohuwar gyara a tuƙi. Ni da nake da ido na leƙa allon tun ranar farko. Babu tsohuwa ko ɗaya a ciki. Yarinya ce da ba ta wuce sha huɗu ba, mai shuɗin gashi da idanu kamar faranti. Ya roƙe ni in yi shiru, na yi, don tuwo yana shiga cikin uwata.

An kai kashi na ashirin da biyar, jirgi ya tsaya a ƙofar gidan ɓarawon damina. Saura ɗaya.

"Ba zai yiwu ba," in ji Shomari. "Kashi na ƙarshe babu magana a cikinsa. Hoto ne zalla."

"To faɗa min abin da ake gani."

"An hana. Ƙungiyar masu fassara ta ce duk wanda ya fassara shiru a karɓe makirfonsa."

"Ƙungiyar da ku uku ne a cikinta, ɗayanku ma kurma?"

"Shi ne shugaba."

"Ji min ɗan banza, mai kunnuwa kamar murfin tukunya. Wata nawa kana zuba min ƙarya, yau ce ka tuba?"

"Ke da ba kya gani, ina kika san kunnena?"

"Ni na yi maka wankan farko. Da su na riƙe ka."

"Shi ya sa suka miƙe. Ki biya ni kunnena."

"Zan sake ka in auri ƙanenka. Shi ma ya iya danna wannan abin."

"Na yi masa tayinki. Ya ce ya gan ki da rana, ya yafe. Haƙori biyu, ɗaya ma yana hutu."

"Da guda ɗayan na cinye kazar sunanka, har ƙashi."

Haka suka yi ta yi har na sauke tanda ɗaya na ɗora wata. Ta ce za ta kai ƙararsa wurin mai unguwa, ya ce mai unguwa shi ne ke zama a bencin gaba a gidan kallo duk ranar Asabar. Ta ce ba ta ma buƙatar ƙarshen, ta san tsohuwar za ta yi nasara. Ya ce ko kuma ɓarawon tsohon saurayinta ne su shirya, ko jirgin ya faɗo, ko gwiwar ta ƙi tashi a kan matakala, shi dai ya gani, ya kuma yi kuka a gaban mutum arba'in. Na lura hannun Bibi ya daina wasa da bakin zanenta. Sai Shomari ya goge mai a wandonsa, ya shigo da maganar kai tsaye.

"Gobe likitocin nan za su tafi."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Tsoro kike ji. Tsohuwarki ta shiga cikin tsawa da gwiwa ɗaya, ke kuwa an ce ki kwanta minti ashirin kin ɓuya bayan 'yarki."

"Ni? Tara na haifa. Uwarka a gonar shinkafa na haife ta, na yanke cibi da kaina, na dawo gida da dami a ka. Kai da aka yi maka allurar rigakafi sai da maza uku suka danne ka."

"To mene ne, amarya?"

Ta juya fuskarta wajen gindin mangwaro, inda kujerar mahaifina take, ta katako mai hannu ɗaya a karye. Kullum nakan goge ta, babu wanda ya zauna a kanta tun ranar da aka fita da shi.

"Rabon da idona ya ga tsakar gidan nan sosai, kakanka Kibwana yana zaune a can," in ji ta. "Yanzu in na juya wajen, duhu-duhu nake gani, sai in ce yana nan yana jin rediyonsa. In suka wanke min ido, kujera zan gani."

Wainata ta ƙone a tanda. Shekara biyu ina zaton wuƙar likita take tsoro, ina yi mata bayanin cewa babu zafi. Kunya ta kama ni, tausayinta ya cika ni.

Shomari ya tashi, ya taka zuwa gindin mangwaro, ya zauna daram a kan kujerar. Kujerar ta yi ƙara. Saura kaɗan in jefe shi da cokali.

"Wa ya zauna a nan?" in ji Bibi.

"Mai gidan."

"Tashi, tun ban saɓa maka ba."

"Ina shaidarki cewa ni ne? Wataƙila kyanwa ce."

"Kyanwa ba ta warin turaren bakin tasha."

"Ke kika ce ni ne mijinki, gaban kowa, tun ina tsumma. To ga miji ya zauna a kujerarsa. Nan zan ci waina, nan zan yi gyangyaɗi, in ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. In kina so ki tashe ni, ki zo ki kalle ni ido cikin ido ki ce in tashi. Makauniyar amarya ba ta korar miji."

"Ƙafafun nan naka masu kama da muciya za ka ɗora a kujerar Kibwana?"

"Na ma ɗora."

Can ta kira sunana.

"Zaituni, fito min da zanena mai ruwan goro, ki kira mai keke. Zan je a buɗe min ido ɗaya in ga iyakar rashin kunya."

A ranar aka rubuta sunanta, Juma'a da safe aka yi mata idon dama, Asabar ma'aikatan asibitin suka cire bandejin. Duk hanyar dawowa tana faɗa, wai an bar gari ya yi datti, wai ni ma na tsufa ban gaya mata ba. Da muka iso ƙofar gida sai faɗan ya tsaya. Ta riƙe hannuna da ƙarfi, muka shiga.

Shomari yana kan kujerar, ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya kasa ɗora ƙafar da ya yi alkawari. Ta daɗe tana kallon wajen. Na ga hawaye a idon da aka gyara, ban san ko na magani ne ba, ban kuma tambaya ba.

"Ashe haka ka yi muni," in ji ta. "Da na sani da na bar yanata."

"Barka da zuwa, amarya. In tashi?"

Ba ta kula shi ba. Ta shige ɗaki ba tare da lalube ba, ta buɗe akwati, ta fito da farar hular mahaifina mai aikin zare, ta kifa masa a ka har ta rufe saman kunnuwan.

"Rufe su. Sabon ido ne, likita ya ce kada in kalli abin da zai ɓata shi. Kunna min tsohuwata."

Nan fa gumi ya karyo masa. Tun ranar Alhamis ya san ramin da ya haƙa wa kansa. Ya ce batir ya yi ƙasa, na nuna masa soket. Ya ce haske zai cutar da idon, ta ce likita ya yarda da minti ashirin. Ya kunna. Jirgin ƙarfe ya fito cikin gajimare, ga yarinya mai shuɗin gashi riƙe da sitiyari, tana zuba surutu ba ko numfashi, a kashin da aka ce babu magana a cikinsa.

Bibi ta matso da fuskarta dab da allon.

"Wace ce wannan?"

"Wannan... jikarta ce. Tsohuwar ta shiga ciki shafa man gwiwa."

"Maƙaryaci. Wannan muryar nake ji a ƙarƙashin taka tun kashi na ɗaya. Ido ne ya yi min ciwo, ba kunne ba."

"Kin sani, kika bar ni ina ta wahalar tarin tsofaffi a makirfo?"

"Tarin ne ya fi min daɗi." Ta sa yatsa a kan fuskar yarinyar. "Kuma ba ka yi ƙarya duka ba. Ni ce. Haka nake ranar da kakanka ya fara ganina a kasuwar ƙauye, har ya taka wa mutane tumatir."

"Har da shuɗin gashin?"

"Kana wurin?"

Mutumin da ke magana awa uku a gidan kallo ba ya shan ruwa, yau kakarsa ta kayar da shi. Ya fashe da dariya har kujerar tana ƙara, ya cire hular ya miƙa mata da hannu biyu.

"Na sallama, amarya. Kin ci."

"Mayar da hular, ka ɗauko min daga farko," in ji ta, tana gyara zama kusa da ƙafar kujerar. "Kuma ka bar mata ciwon gwiwarta. Na saba da shi."