Fim ɗin da na kai wa Yaya

Bayan sadakar arba'in ta ɗan yayana, sojan da aka kashe a hanyar Sanam, na ƙudurta ni zan dawo da dariya gidan. Na tarar da Yaya zaune da dattawa, na kunna musu tsohon fim a wayata: wani mai tumbi da furfura an sa masa kaki, yana jin harbi ya ruga, wando na zamewa. Ni kaɗai nake ƙyaƙyatawa.

Yaya ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini wayar, ya ce, "Nawa dai bai gudu ba."

Na fice ko takalmi ban ɗauka ba. Labari ya bazu gari; har yau in na ratsa kasuwar Filinge, mahauta sai su ƙame su sara mini: "Kumandan, ina takalman?"