Ranar da Sandar Geti Ta Ɗaga Wa Mamaci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi mini ruƙiya a bakin geti ba, alhali lafiyata ƙalau.

Babana direba ne a ƙasar Larabawa, a wani rukunin gidaje kusa da Unguwar Ofisoshin Jakadanci. A getin wurin akwai sanda mai ɗagawa da kanta. Kowace mota tana da 'yar na'ura kamar akwatin ashana manne a gilashi, da ta iso sai sanda ta yi sama. Ni a tunanina na'ura na'ura ce, ko a jikin raƙumi ka manna za ta buɗe.

A bayan gidajen akwai akori-kurar Baba Ilu, wani dattijo ɗan Damagaram da ke jan tankin ban ruwan fulawa. Ya rasu bayan Ƙaramar Sallah, aka bar motarsa a nan, hularsa ma tana kan kujera. Ina zuwa hutu wajen Baba na ɓamɓare na'urar motar tasa na sa a aljihu (kada ku tambaye ni dalili, hannuna ba ya shawara da ni).

Ranar ɗaurin auren Kawu Sani a unguwarmu ta Manfuha, uwargidan da Baba ke tuƙawa ta ara mana kujeru da dardumai. Baba ya aro motar abokinsa mai jan 'yar tirela, muka yi lodi. Motar ba ta da na'ura, don haka sai mai gadi ya buɗe da hannu.

Rana tsaka ce, irin wadda ko kyanwa ba ta fitowa. Tituna wayam, kwalta na rawa, ba ka jin komai sai gunjin na'urorin sanyaya ɗaki. Muna dosar geti na zaro abina a ɓoye na kara a gilashi.

Sanda ta ɗaga. A hankali. Muka wuce, tirela ta wuce, ita kuwa tana tsaye a sama kamar mai jiran wani.

Sale mai gadi, ɗan Maraɗi, ya fito da gudu da takalmi ƙafa ɗaya.

"Malam Habu, tsaya! Wa kuka ɗauko a baya?"

"Kujeru ne," in ji Baba.

"Kujeru ba su da huska! Zo ka gani!"

Muka shiga ɗakin gadi. A allon kwamfuta ga Baba Ilu da hularsa, yana kallonmu ba ya ƙiftawa. A ƙasan hoton an rubuta da Larabci: ya fita. Ashe kowace na'ura da motarta da mai ita.

"Sandar nan kan tirelar kowa take faɗowa," Sale ya ce cikin raɗa. "Tirelar Baba Ilu kaɗai aka saita mata ta jira."

Wallahi ni da na yi abin sai da gashin jikina ya tashi. Can cikin tirela wata kujera ta yi ƙara, ƙiiii, ba iska, ba kowa. Na fara tunanin anya ni na buɗe?

Mutane suka taru, masu shara da direbobi da kuku. Mudir, wato manajan gidajen, ya iso, wani Basudane dogo da bai yarda da fatalwa ba. Ya ce satar na'ura ce, in ya same ta a motar, yau zai kira kafil, ubangidan da ya tsaya wa Baba a ƙasar, Baba ya yi sallama da aiki da iƙamarsa, takardar izinin zama. Baba ya miƙa masa makulli. Nan take na sulale bayan tirela na cusa na'urar cikin gajeren wandona.

Aka caje mota, ba a ga komai ba. Na ce bari in je in jefar da ita a bayi. Hanyar bayin kuwa ta gaban geti take.

Ina tafe a ƙafa, ni kaɗai, sanda ta ɗaga.

Allo ya yi ƙara. Baba Ilu ya shigo.

"Innalillahi! Ya shiga jikin yaron!" Sale ya kurma ihu.

Kafin in ce uffan an danne ni a ƙasa. Kuku ya kwara mini ruwan sanyi, wani direba ya kama kunnena yana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Sale ya durƙusa a gabana yana hawaye: "Baba Ilu, mi kake so? Hularka ce?" Duk sanda na yi wutsil-wutsil sai sanda ta sake ɗagawa, su kuma su ƙara kabbara. Har mudir ya ja da baya.

Da ma zan iya yin shiru in zama mai aljanu, a tausaya mini. Amma na hangi Baba yana kuka na gaske, shi da ko a gaban kafil bai taɓa zubar da hawaye ba.

Na ce, "Ku sake ni, yana cikin wandona."

Suka sake ni. A gaban mutum kusan dubu (to, goma sha wani abu) na zura hannu na zaro Baba Ilu.

Mudir ya karɓa da tsumma, ya yi dariya har ya jingina da sanda, ya ce wa Baba, "Khalas, shi ke nan, tafi da majnuninka mai aljanun nan." Aiki ya tsira. Kunnena ne bai tsira ba, don Baba ya riƙe shi har Manfuha.

Kafin a ɗaura aure labari ya riga mu isa. Har yau in na doshi ƙofa sai yaran unguwa su ce, "Ku matsa, za ta buɗe da kanta!"

Abin da na koya: na'urar mota a bar ta a motarta. In kuwa ta mamaci ce, wando ba wurin ajiyarta ba ne.